Idan Beyar da Sata, Juji Ma da Wari

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da wuya a sami wurin da wannan karin magana ya zauna daram kamar garuruwan ƙasashen sanyi waɗanda gidajensu suka yi iyaka da dajin da dabbar nan da ake kira beyar take zaune. A irin waɗannan garuruwa na Amurka da Kanada da Japan da wasu sassan Turai, ba baƙon abu ba ne magidanci ya buɗe ƙofa da asuba ya tarar da dabba mai nauyin buhun masara biyu ta kifar da mazubin shara a ƙofar gidansa, tana lashe gwangwanayen kifi da ragowar abincin dare. Wani lokaci abin yakan tsaya ga ɓarnar dukiya, wani lokaci kuwa yakan kai ga rauni ko ma asarar rai.

Duk sa'ad da irin wannan ta auku, kira ɗaya ne ke tashi daga bakin jama'a, wato a ɗauko bindiga a gama da dabbobin. Kiran ba na banza ba ne, domin uwar da 'ya'yanta ke bi ta gefen daji zuwa makaranta tana da haƙƙin ta kwana hankalinta a kwance. Sai dai abin da masana namun daji suka tattara cikin shekaru fiye da 50 ya nuna cewa abinci ne ke kawo beyar cikin gari, kuma garin da ya kasa kulle abincinsa da shararsa zai yi ta harbi shekara da shekaru ba tare da ya huta ba. Bindiga tana da ranarta, amma ita ce ta ƙarshe. Aikin farko yana ga mazubin shara, kuma aiki ne na unguwa baki ɗaya.

Halittar beyar da asalin yunwarsa

Akwai nau'in beyar takwas a duniya, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke rayuwa a dazuzzukan Afirka a yau. Huɗu ne suka fi yin gogayya da mutane a ƙasashen sanyi: baƙin beyar na Amurka ta Arewa, da baƙin beyar na Asiya mai farin tabo a ƙirji, da beyar mai ruwan ƙasa wanda Amurkawa ke kira girizili, sai kuma farin beyar na yankin ƙanƙara da ke can ƙuryar arewacin duniya. Dabba ce mai kaurin jiki da manyan farata, wadda duk da kamannin nauyin jiki takan yi gudun kilomita 50 a awa ɗaya, gudun da ya fi ƙarfin kowane ɗan tsere. Baƙin beyar gwani ne wajen hawan itace, kuma dukkansu sun iya iyo. Amma babban makaminsu shi ne hanci, domin sukan jiyo ƙanshin abinci daga nesa ƙwarai, ko da an rufe shi a cikin mota ko ɗakin ajiya.

In ban da farin beyar wanda kusan nama kaɗai yake ci, sauran ukun ba su da zaɓe. Ciyawa da saiwa da 'ya'yan itace da ƙwari da zuma da kifi da mushe duk abinci ne a wurinsu. Abin da ke juya rayuwarsu shi ne hunturu. A waɗannan ƙasashe dusar ƙanƙara takan lulluɓe ƙasa na tsawon watanni, abinci ya ɓace, sai beyar ya shige kogo ko rami ya yi dogon barci na wata huɗu zuwa shida, ba ci ba sha, ba fitsari ba bayan gida. Kitsen da ya tara shi ne abincinsa, shi ne kuma ruwansa, kuma kafin ya fito yakan rasa har kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. A cikin wannan rami ne macen ke haihuwa, wajen watan Janairu ko Fabrairu, ta haifi 'ya'yan da kowannensu bai fi kamar rabin kilo ba, ta kuma shayar da su daga kitsen jikinta. Wani abin al'ajabi shi ne, ko da an yi barbara tun watan Yuni, ƙwan ba ya mannewa a mahaifa sai ƙarshen kaka, kuma idan ba ta tara isasshen kitse ba cikin ba ya zama.

Saboda haka idan kaka ta yi, beyar ba shi da wani aiki sai ci. Yakan kwashe har awa 20 a rana yana kiwo, yana neman abin da ya kai kalori 20,000 kullum, wato kamar abincin mutum takwas. Mai karatu ya auna: dabbar da tilas ta tsinci dubban ƙananan 'ya'yan itace ɗaya bayan ɗaya kafin ta cika ciki, sai ga mazubin shara shaƙe da ragowar nama da burodi da mai, wanda zai ba ta cikin 'yan mintuna abin da za ta yini tana nema a daji. Beyar ba ya mantuwa. Inda ya ci sau ɗaya zai koma, kuma uwa takan nuna wa 'ya'yanta hanya. A hankali sai tsoron mutum, wanda shi ne katangar da ke tsakanin ɓangarorin biyu, ya zaizaye.

Masana sun bambanta matakai biyu a nan. Na farko shi ne dabbar ta saba da ganin mutane har ta daina gudu. Na biyu shi ne ta danganta mutane da abinci, kuma wannan ne mai haɗari, domin beyar da ya kai nan yakan fasa taga, ya ɓalle ƙofar mota, ya tunkari duk wanda ya tsaya tsakaninsa da abin da ya ƙyalla ido a kai. Shi ya sa ma'aikatan daji a Amurka da Kanada ke nanata cewa wanda ya ciyar da beyar tamkar ya yanke masa hukuncin kisa ne.

Darasi daga gandayen dajin Amurka

An koyi wannan darasi ne da tsada. A gandun dajin Yellowstone na Amurka, wanda aka kafa a 1872, an ɗauki shekaru masu yawa ana zubar da ragowar abincin otal-otal a fili. Da aka lura dabbobin na taruwa a wurin da yamma, sai aka jera kujeru don baƙi su zauna su sha kallo, har ma'aikacin daji yana yi musu bayani. An daina wannan wasa a farkon shekarun 1940, amma juji ya ci gaba da zama a buɗe, masu yawon buɗe ido kuma suka ci gaba da miƙa wa beyar abinci ta tagar mota suna ɗaukar hoto. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: baƙi suka sami nishaɗi, masu otal suka sami ciniki, beyar da ya ciji hannun mai miƙa masa abinci kuwa aka bindige shi. Bayanan hukumar gandun sun nuna cewa daga 1931 zuwa 1969, a kowace shekara ana samun kimanin mutum 48 da beyar ya ji wa rauni, da ɓarnar dukiya fiye da sau 100.

Abin da ya farkar da hukumomi ya auku ne a wani gandun daban, wato Glacier, a jihar Montana. A daren 13 ga Agusta, 1967, girizili biyu daban-daban suka kashe 'yan mata biyu masu shekara 19 a wurare biyu na gandun, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka kafa shi a 1910. Da aka bincika, sai aka ga a wuri na farko akwai masaukin baƙi da ke zubar da ragowar abinci da dare don baƙi su kalli beyar. A wuri na biyu kuwa dabbar ta daɗe tana kiwo a sharar da masu kwana a tanti ke bari, an kuma sha kai ƙararta ba a yi kome ba.

A 1970 hukumar Yellowstone ta fito da sabon tsari. Aka rufe jujin da ya rage, aka sauya mazubin shara da na ƙarfe wanda beyar ba ya iya buɗewa, aka kuma tsananta dokar hana ciyar da dabbobi. Wasu masana biyu tagwaye, Frank da John Craighead, waɗanda tun 1959 suke nazarin girizili a gandun, har suka kasance cikin na farko da suka ɗaura wa manyan dabbobi abin wuya mai rediyo don bin sawunsu, sun ba da shawarar a rufe jujin sannu a hankali. Dalilinsu shi ne dabbobin da suka tashi a kan shara za su bazu cikin sansanonin baƙi idan aka yanke musu ita dare ɗaya. Hukumar ba ta bi wannan shawara ba, kuma a 'yan shekarun da suka biyo baya an kashe girizili masu yawa. A 1975 aka sa su cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana, a lokacin da wani ƙiyasi ya nuna cewa na yankin sun ragu zuwa 136.

Amma 'ya'yan da aka haifa bayan rufe jujin sun tashi ba su san ɗanɗanon shara ba. A farkon shekarun 2020 yawan girizili a yankin ya kai kimanin 1,000, baƙi kuma sukan haura miliyan huɗu a wasu shekarun, alhali raunin da beyar ke yi wa mutane a cikin gandun ya sauko zuwa kamar sau ɗaya a shekara. Wato dabbobi sun ƙaru, mutane sun ƙaru, haɗari kuwa ya ragu, kuma babban abin da ya sauya shi ne yadda ake sarrafa abinci da shara. Haka abin ya kasance a gandun Yosemite na jihar Kalifoniya, inda a 1998 kaɗai aka rubuta ɓarnar baƙin beyar fiye da sau 1,500, da yawa daga ciki fasa motocin da aka bar abinci a ciki ne. Da aka wadata wurin da akwatunan ƙarfe na ajiye abinci, aka kuma riƙa cin tarar masu sakaci, adadin ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100.

Daga gandun daji zuwa cikin unguwa

Wani zai ce gandun daji daban, gari daban, domin a gandu hukuma ɗaya ce ke da iko, a gari kuwa kowane gida da mai shi. Wannan gaskiya ne, kuma an gwada abin a aikace. A garin Durango na jihar Kolorado, hukumar kula da namun daji ta jihar ta gudanar da bincike daga 2011 zuwa 2016 a ƙarƙashin jagorancin Heather Johnson. A 2013 aka raba mazubin shara mai makulli kimanin 1,100 a wasu unguwanni, aka bar wasu unguwannin yadda suke domin a kwatanta. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa ɓarnar shara a unguwannin da aka raba wa sabon mazubi ta gaza ta sauran unguwannin da kashi 60 cikin 100.

Binciken ya fito da wasu abubuwa biyu masu muhimmanci. Na farko, mazubi mai makulli ba shi da amfani idan mai shi bai kulle ba, kuma sauƙin yana zuwa ne gwargwadon yawan gidajen da suka kiyaye. Na biyu, a 2012 sanyi ya lalata furannin itatuwa a daji, abinci ya yi ƙaranci, dabbobin suka kwararo cikin gari. Mai kallo daga ƙofar gida zai rantse sun yi yawa ne, alhali ƙidaya ta nuna cewa yawan matansu a yankin ya faɗi da fiye da rabi bayan wannan shekara, domin da yawa sun halaka a kan titi ko a bakin bindiga. Ashe yawan ƙorafin jama'a ya fi auna yunwar dabbobin da sauƙin samun shara fiye da yadda yake auna yawansu.

Abin da ake nema daga kowane gida ba shi da wuyar fahimta. Shara ta kwana a ɗaki mai ƙofa ko a mazubi mai makulli, a fito da ita da safen ranar da motar shara za ta zo. Tsabar da mutanen ƙasashen ke ratayewa a lambu don tsuntsaye a sauke ta daga lokacin da beyar ya farka har ya koma barci. Abincin kare da na kyanwa ya zauna a cikin gida, murhun gasa nama kuma a goge maiƙonsa bayan an gama. Itatuwan lambu irin su tufa a tsinke 'ya'yansu da zarar sun nuna, a kwashe waɗanda suka zuba a ƙasa. Amya da akurkin kaji da garken tumaki a kewaye su da shingen waya mai lantarki, wanda ke ba dabbar kashi mai zafi a hanci ba tare da ya halaka ta ba. Duhuwar ciyayi da ke kusa da gida a sare ta, kada a bar abinci a cikin mota, a kuma kulle ƙofofi da tagogin ƙasa da dare.

Wahalar tana ga cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gida ɗaya mai sakaci ya isa ya koya wa beyar hanyar unguwa, kuma wanda zai yi karo da shi a lungu ba lalle ne mai sakacin ba, wataƙila yaron maƙwabcinsa ne. Don haka bai kamata a bar wannan al'amari ga ganin damar kowa ba. Wajibi ne hukumar gari ta yi doka, ta ci tarar wanda ya karya, ta kuma ɗauki nauyin mazubin ga masu ƙaramin ƙarfi, domin ya fi na yau da kullum tsada. Mai ganin tsadar ya tuna da kuɗin da ake kashewa kan tarko da sintiri da gyaran gidaje da jinyar wanda aka yaga, waɗanda ake biya kowace shekara.

Garin da ke da kurkukun beyar

Babu garin da ya fi nuna cewa zaman yana yiwuwa kamar Churchill, wani ɗan gari mai mutane kimanin 900 a gaɓar tekun Hudson, a lardin Manitoba na Kanada. Maƙwabcinsa farin beyar ne, wanda namijinsa kan haura kilo 500. Abincinsa wata dabbar teku ce mai yawan kitse da ake kira sil, kuma a kan ƙanƙarar da ke daskarewa bisa teku yake farautarta. Idan ƙanƙarar ta narke wajen watan Yuli, sai ya fito tudu ya yi kusan wata huɗu yana rayuwa da kitsen jikinsa. A watan Oktoba da Nuwamba ɗaruruwansu kan taru a gaɓar da ke kusa da garin suna jiran teku ya sake daskarewa.

A da, harbi ne maganin wanda ya shigo gari, jujin garin kuwa wurin kiwonsu ne. Daga 1969 gwamnatin lardin ta kafa wani shiri na musamman wanda ya bunƙasa har ya zama abin koyi. Akwai lambar waya da ake kira dare da rana, ma'aikata su zo su kori dabbar da harsashi mai ƙara ko na roba. Wanda ya yi taurin kai sai a kama shi da tarko ko allurar sa barci, a kai shi wani tsohon ginin soja da aka mayar wurin tsarewa a farkon shekarun 1980, mai ɗakuna 28, wanda mutanen garin ke kira kurkukun beyar. Yakan yi har kwana 30 a can, ana ba shi ruwa ko dusar ƙanƙara, amma ba a ba shi abinci. Mai jin haka zai ɗauka mugunta ce, alhali a wannan lokaci ko a daji ba ci yake yi ba, kuma da za a ciyar da shi da ya fita da tunanin cewa gari wurin ƙoshi ne. Daga nan sai a ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu a kai shi nesa, ko a sake shi bisa ƙanƙara idan teku ya daskare. A 2005 aka rufe jujin garin da ke fili.

Su ma mazauna garin sun gyara ɗabi'unsu. Suna kauce wa yawo da ƙafa da dare a kakar beyar, da yawa kan bar ƙofar mota ba kulle domin mai neman mafaka ya sami wurin faɗawa, kuma a daren 31 ga Oktoba, sa'ad da yara ke bikin zagaya gidaje suna karɓar alewa, motocin sintiri kan kewaye garin. Rabon da beyar ya kashe mutum a Churchill tun 1983, ko da yake a 2013 ya ji wa mutum biyu rauni. Dabbar da ake tsoro ita ce kuma ke jawo dubban baƙi masu kawo wa garin ciniki. Sai dai ɗumamar yanayi na tsawaita lokacin da babu ƙanƙara, wato tana tsawaita yunwa, kuma ƙidayar 2021 ta nuna cewa farin beyar na yankin ya ragu zuwa 618 daga kimanin 1,200 a shekarun 1980.

Hujjar masu cewa a harbe

Duk da haka, masu cewa a rage dabbobin da bindiga suna da hujja, kuma hujjar tasu ta fi ƙarfi a Japan. Daga Afrilun 2023 zuwa Maris na 2024 beyar ya kai wa mutum 219 hari a ƙasar, 6 daga cikinsu suka mutu. A 2025 abin ya ƙazanta, domin daga Afrilu zuwa Nuwamba mutum 13 suka rasa rayukansu, adadin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara ajiye lissafi, kuma yankunan Akita da Iwate na arewacin tsibirin Honshu suka fi jin jiki. An ga beyar a cikin kantuna da harabar makarantu. A watan Satumba na shekarar wata sabuwar doka ta ba shugabannin ƙananan hukumomi ikon ba da izinin harbi a cikin gari, a watan Nuwamba kuma aka tura sojoji Akita su taimaka wajen ɗaukar tarkuna da ɗana su.

Ba mai hankalin da zai zargi waɗannan mutane. Beyar da ya kai wa mutum hari, ko ya saba kutsawa cikin gidaje, tilas a kashe shi, domin ɗauke shi zuwa wani daji sau da yawa ba ya aiki: ko ya dawo, ko ya ci gaba da halinsa a garin wasu. Inda kuma ƙidaya ta tabbatar da cewa dabbobin sun ƙaru sun bazu, kamar yadda ya faru a sassan Japan, farauta mai tsari tana da gurbinta. Mazauna manyan birane da ke buga waya suna la'antar mafarauta ba su san zullumin tsohuwar da ke tsoron fita lambunta ba.

Amma a dubi lissafin da kyau. A wancan lokaci na 2023 zuwa 2024 an kashe beyar kimanin 9,000 a Japan, sai ga shi bayan shekara biyu masu mutuwa sun ninka. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙauyukan ƙasar sun tsufa, matasa sun koma birni. Yankin gonaki da kurmin itacen wuta da ke tsakanin ƙauye da tsauni, wanda Japanawa ke kira satoyama, da shi ne shingen da beyar ke shakkar ƙetarawa saboda fili ne mai zirga-zirgar mutane, yanzu ya cushe da duhuwa har ƙofar gida. A gidajen da aka ƙaurace wa akwai itatuwan kaki, wanda ɗan'uwan kanya ne, suna nuna suna zuba ba mai tsinka. Masu lasisin farauta sun ragu daga fiye da 500,000 a 1975 zuwa ƙasa da rabin haka, yawancinsu kuma sun haura shekara 60. Sa'an nan a 2023 da 2025 manyan itatuwan tsauni waɗanda beyar ke dogara ga 'ya'yansu da kaka suka ƙi yin 'ya'ya. Harsashi ba ya sare duhuwa, ba ya kuma tsinke kaki.

A cikin Japan ɗin ma akwai misalin da ke nuna wata hanya. A garin Karuizawa na yankin Nagano, wata ƙungiya mai suna Picchio ta haɗa mazubin shara na ƙarfe da bin sawun dabbobin da rediyo, daga 2004 kuma ta kawo karnukan Kareliya, irin da aka san su da tunkarar beyar, suna kora su koma daji da haushi. Ɓarnar shara da ta addabi garin ta ragu ƙwarai.

Idan aka yi kiciɓis

Kome kiyayewa, wata rana za a haɗu. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne kisa abu ne da ba kasafai yake aukuwa ba. Masanin nan na Jami'ar Calgary, Stephen Herrero, da abokan aikinsa sun ƙirga cewa daga 1900 zuwa 2009 baƙin beyar ya kashe mutum 63 a Amurka da Kanada, duk da cewa dabbobin dubban ɗaruruwa ne. Mafi yawan haɗuwa kan ƙare ne da dabbar ta juya ta tafi.

Ƙa'idar ita ce kada a gudu, domin gudu na tayar mata da sha'awar bi, kuma ba a tsere mata. Mutum ya tsaya, ya yi magana da murya a natse, ya ɗauki ƙananan yara, ya ja da baya a hankali yana fuskantarta, ya bar mata hanyar fita. Kada a shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta, kada a kusanci wanda ke kan mushe, kare kuma a riƙe shi da igiya. Masu tafiya a daji su tafi a ƙungiya suna motsi da surutu don kada su yi mata ba-zata. Idan girizili ya kai hari don kare kansa ko 'ya'ya, shawarar masana ita ce a kwanta rub da ciki, a rufe ƙeya da hannuwa, a yi lamo har ya tafi. Idan kuwa baƙin beyar na Amurka ne ya kai hari, ko kowane beyar da ke bin sawun mutum a ɓoye ko ya faɗa masa a ɗaki, to a yi faɗa da duk abin da hannu ya kai gare shi, a nufi hanci da idanu. Akwai kuma gwangwanin feshin barkono da aka ƙera don wannan aiki. Wani bincike da Tom Smith da Herrero da abokan aikinsu suka buga a 2008 kan abubuwan da suka faru a Alaska daga 1985 zuwa 2006 ya nuna cewa feshin ya dakatar da beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin 100 na lokutan da aka yi amfani da shi.

Kammalawa

Ko da yake babu beyar a ƙasar Hausa, tushen maganar ba baƙo ba ne. Makiyayi ya daɗe da sanin cewa ba a yar da mushe kusa da garke, domin kurar da ta zo cin mushe yau, gobe ɗan akuya za ta ɗauka. Abin da Yellowstone da Durango da Churchill da Karuizawa suka ƙara shi ne tabbatar da wannan sani da ƙidaya, da kuma nuna jerin da ya kamata a bi. A fara da kulle shara da duk wani abinci ta hanyar doka mai aiki a kan kowa, a kuma shirya wa fitinar da dabbobin da suka riga suka saba za su yi a shekarun farko. A share duhuwa tsakanin gida da daji. A horar da ma'aikatan da za su amsa kira su kori dabba tun ba ta saba ba. A koya wa yara da baƙi abin da za su yi idan an haɗu. Bayan duk wannan, a kashe wanda ya zama haɗari ba tare da jinkiri ba. Garin da ya fara da bindiga ya bar juji a buɗe zai kashe beyar ɗaya yau, kafin kaka mai zuwa wani ya gangaro daga tsauni ya bi warin nan ya iso ƙofar gida ɗaya.